Firjina ya sake mutuwa, kowa da kamfanin da yake kira min

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ina zaune a Kano, ina sana'ar zoɓo da kunun aya da lamurje a gida, yara ke kai min bakin Islamiyya da bakin titi. Firjina mai ƙofa biyu ne, cikin kayan ɗakina ya zo, Baba ya saya min a 2018. Shekara shida ko tari bai taɓa yi ba, sai bara da zafi ya fara daina sanyi. Ƙanin maigidana yana gyaran firji, shi ya zo yace gas ne ya ƙare, aka ɗura, bayan wata biyu ya sake, aka sake ɗurawa, har sau uku, daga baya yace kwamfuresa ce, aka sa wata ta hannu. Yanzu in an kawo wuta sai ya ɗan yi gurnani ya yi ƙas ya yi shiru, bayan 'yan mintuna ya sake. Na kashe kusan dubu 90 a gyara. Ƙarshen watan nan zan kwashi adashi dubu 500 ina so in sayi wani. Maigida yace in sayi ɗan Beljiyam wajen abokinsa wai sun fi ƙarko, yayata da ke Abuja tace LG ko Samsung mai inbata wanda baya ƙanƙara, Hajiyarmu kuma tace in ba Thermocool ba kar in soma, nata ya shekara ashirin. Na duba intanet na ga wasu na zagin wannan wasu na zagin wancan, kaina ya ɗaure. Wanne kamfani ya fi ƙarko? Sannan ya zan yi da ƙanin mijina, ina jin nauyin ince ya daina taɓa min kaya. Wutar unguwarmu kuma sai addu'a, wani lokaci ƙwan fitila ja yake yi kamar garwashi.

Maman Biyu, Kano

Wa alaikumus salam Maman Biyu. Sannu da fama, Allah ya sa wa sana'a albarka ya raya mana 'yan biyu.

Sau biyu na karanta saƙonki, kuma abin da ya tsaya min a rai ba sunayen kamfanonin nan bane, maganar da kika jefo can ƙarshe ce kamar wadda aka tuna wa, wai ƙwan fitila ja yake yi kamar garwashi. To ai nan gizo ke saƙar. Zan zo kan kamfani kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba, amma in kika kwashi dubu 500 ɗin nan kika sayo sabo fil kika jona shi a soket ɗin da tsohon yake, kan wutar nan da kika bayyana, ba ki sa komai a tsakaninsu ba, ko wane suna aka rubuta a ƙofarsa sai dai ince Allah ya kiyaye.

Kafin mu tafi kasuwa bari mu duba mara lafiyan da ke gida. Gas ɗin firji ba irin na girki bane, baya ƙarewa. A rufe yake cikin bututu yana zagaye kawai, kwamfuresa ta matsa shi ya ɗau zafi, ya bi ta baya ya huce, ya shiga ciki ya kwaso zafin kayan da kika sa, ya dawo mata, haka zai yi ta yi shekara da shekaru in dai babu inda ya huje. Saboda haka duk ranar da mai gyara yace miki gas ya ƙare, tambayar da za ki yi masa ita ce ta ina ya fita. Ɗura gas sau uku cikin 'yan watanni ba gyara bane, zuba ruwa ne a kwando. Kuma kwamfuresar da ke aiki da ɗan guntun gas wahala take sha, don wanda ke dawo mata shi ke rage mata zafi, ga iska da danshi suna samun hanyar shiga, ba mamaki ita ma ta bi sahu. In hujin a waje yake, wajen mahaɗar bututu ta baya, da ruwan sabulu ake nemo shi a like da walda, shikenan. In kuwa a cikin bango yake, cikin soson nan da aka cusa tsakanin ƙarfe da roba, gaskiya yawanci kuɗin gyaran baya biyan wahala.

Shi kuma gurnani da ƙas ɗin nan, akwai wani ɗan abu a jikin kwamfuresa da masu gyara ke ce wa obalod, aikinsa ya yanke wuta in ta ɗau zafi ko tana jan wutar da ta wuce kima. Ita tana ƙoƙarin tashi ta kasa, shi ya kashe, ya huce, ta sake gwadawa. Ko dai wuta ce ba ƙarfi, ko rile ɗin da ke tayar da ita ne ya ƙone wanda ɗan mitsitsin abu ne mai araha, ko kuma ita kanta ta maƙale. Yau ɗin nan ki zare filogin, don duk ƙas ɗaya ƙara gasa wayoyin cikinta yake. Sai ki samo wani mai gyaran daban ya auna wutar gidan da mita a gaban idonki, ya kuma gwada da sabon rile. Firjin nan don wuta 220 zuwa 240 aka ƙera shi, yana nan a rubuce a bayansa, in mita ta nuna miki 150 ko 160 da magariba lokacin da kowa ya kunna kayansa, kinga mai laifi ba sai an kira shaida ba.

Toh, kamfanoni.

Hajiya na da gaskiyarta. Thermocool tun shekarun 1970 kamfanin PZ ke yin sa a ƙasar nan, daga baya a farkon shekarun 2000 suka haɗa gwiwa da Haier na China, shi ne kike ganin Haier Thermocool yanzu. Amma firjin Hajiya da wanda za ki tarar a shago yau, ko na wane kamfani ne, zamaninsu ba ɗaya ba. Na da ƙarfe ne mai kauri, kwamfuresa ɗaya, makunnin sanyi ɗaya, ba fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa shi, ba fanka, babu abubuwan lalacewa da yawa a jikinsa. Sannan ki lura, wanda ya rayu ake tunawa, na maƙwabciyar Hajiya da ya mutu a shekara uku tuni 'yan gwangwan suka auna shi a sikeli, ba mai ba da labarinsa.

Abin da mutane da yawa basu sani ba kuma, sunan da ke ƙofa ba lallai shi ya ƙera kwamfuresar da ke ciki ba. Masu ƙera ta a duniya ba su da yawa, akwai Embraco da ya samo asali daga Brazil, akwai Secop wanda a da yake ƙarƙashin Danfoss, akwai na China irin su GMCC da Huayi da Donper, su ke sayar wa da yawa daga cikin masu haɗa firji, manya irin LG da Samsung da Panasonic ne ke ƙera tasu. Sai ki leƙa bayan firji biyu masu suna daban ki tarar uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Su kansu kamfanonin sayen juna suke, Haier ya sayi ɓangaren kayan gida na GE a Amurka a 2016, a shekarar Midea na China ya sayi na Toshiba, Hisense shi ma na China ya sayi Gorenje na Turai a 2018. Don haka masu cewa ni bana sayen kayan China, wallahi dariya suke bani.

Zagi da yabon da kika gani a intanet kuwa, rabi da kwata na mutanen Amurka ne, kuma kan manyan firjin nan ne masu ƙofa uku ko huɗu da ke zubo ruwa da ƙanƙara ta ƙofa. Gaskiya ne an kai LG ƙara a can kan wata irin kwamfuresa da ke cikin firjin da suka ƙera tsakanin 2014 da 2017, suka yi sulhu a 2020, haka Samsung an kai su ƙara a 2017 kan injin yin ƙanƙara. Amma ba irin wanda za ki saya bane, wutarsu 120 ce kuma bata rawa, ɗakunansu a sanyaye. Basu san zafin Afrilu a Kano ba, basu san a ɗauke wuta a dawo da ita sau biyar cikin awa ɗaya ba. Ciwonsu daban namu daban.

In kin matsa sai na faɗa, ga abin da na yarda da shi. Cikin sanannun nan da ke kasuwarmu, Haier Thermocool, LG, Hisense, Samsung, Midea, Scanfrost, Nexus, babu wanda zan dafa Alƙur'ani ince baya lalacewa, babu kuma wanda zan ce ki guje shi, kowanne akwai gidan da ake sa masa albarka akwai gidan da ake Allah ya isa. Bambancin da ya shafe ki shi ne ranar da ya lalace wa zai gyara, kuma a ina za a samo kayan. Ki shiga Sabon Gari ki zagaya wajen masu gyara biyu ko uku waɗanda basu san ki ba kuma basa sayar da firji, kar ki tambaye su wanne ya fi kyau, tambaye su wanne suke samun kayansa ba wahala, wanne kuma in fanel ɗinsa ya ƙone sai an aika Legas a jira. Amsar da za ki ji a nan ta fi duk abin da wani zai rubuta daga Amurka. Haka dilan da za ki saya wajensa, yace miki ga adireshin wurin gyaran kamfanin a Kano ga lambarsu, ki kira a gabansa ki ji ana ɗauka.

Mu zo kan Yaya. Ta haɗa abu biyu ne a baki ɗaya, inbata daban, rashin ƙanƙara daban. Da farko dai, don na sha jin wannan, firji mai inbata ba batir ne a cikinsa ba, in an ɗauke wuta mutuwa yake kamar kowanne. Abin da ake nufi kwamfuresarsa bata kashewa ta kunna gaba ɗaya, rage gudu take ta ƙara gwargwadon buƙata, shi ya sa bata shan wuta sosai kuma bata fizgar wuta lokacin tashi, in kina da sola ko niyyar sawa to wannan babban abu ne. Sai dai fanel ne ke sarrafa ta, kuma fanel da wutar da ke dawowa da ƙarfi kamar an koro ta basa shiri, in ya ƙone kuɗi ne masu ciwo, ba kuma kowane mai gyaran unguwa ke iya taɓa shi ba.

Wanda baya ƙanƙara kuma, fanka ce ke hura sanyin ciki, akwai hita da ke narkar da ƙanƙarar a ɓoye lokaci-lokaci, akwai na'urorin da ke gaya masa yaushe zai yi. Daɗin sha'ani ne dashi ba musu, ba kankare-kankare ba ruwa a ƙasa. Amma ke ƙanƙarar nan da Yaya ke gudu ita ce jarinki, ita ke riƙe miki sanyi in wuta ta tafi. A gidan Yaya mai samun wuta yawancin yini shawararta daidai ce, a naki gidan kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maigida da ɗan Beljiyam, a nan zan ɗan daɗe. Ba ƙarya yake ba cewa akwai tsofaffin firjin Turai masu ƙwari, amma akwai wani harafi da ba mai dubawa. A jikin kowane firji akwai 'yar takarda, a baya ko a ciki ta gefe, an rubuta irin yanayin da aka ƙera shi dominsa. SN da N iyakarsu zafin ɗaki ya kai digiri 32, ST ya kai 38, T kuma ya kai 43. Da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera wa ƙasashen sanyi a N ko ST suka tsaya, mu kuma daga Maris zuwa Mayu zafi na haura 40 a Kano, balle kicin mai rufin kwano da risho a kunne. Firjin da aka yi wa 32 in ya tsinci kansa a nan kwamfuresarsa bata hutawa, gudu take dare da rana har ta gaji, ga shan wuta, ga sanyin ba wani na kirki ba. Ko sabo za ki saya ki nemi wanda akwai T tsantsa cikin haruffansa, ba ST ba, wani za ki ga SN-T, wannan ya yi.

Ga kuma maganar gas. Tsofaffi sosai R12 suke amfani da shi, wanda aka yi yarjejeniyar daina shi a Montreal a 1987 saboda lahanin da yake wa sararin samaniya, ƙasashe irin namu wa'adinsu ya cika a 2010. Bayansa R134a, na yanzu yawanci R600a. Kowanne da irin kwamfuresarsa da irin man da ke cikinta, ba a musaya, amma a kasuwar kayan hannu wanda ya samu ake ɗurawa, a goge jiki a fesa fenti, ranar da za ki saya ya yi sanyi kamar me, bayan wata uku a fara labari. Ba ki san shekarunsa ba, ba ki san dalilin da mai shi ya rabu da shi ba. Ghana ma tun farkon 2013 ta hana shigo da firjin hannu kwata-kwata saboda shan wutarsu. In kuma na Amurka ne mai wuta 120 da sai an haɗa da taransifoma, wannan ko kyauta aka baki ki yi godiya ki wuce.

Abin da ya fi damuna ma ba injin bane, abokin ne. Yanzu kina cikin wasiƙa kina cewa kina jin nauyin ƙanin miji, kina so ki ƙara da abokin miji? Ranar da ya tsaya ba garanti, ba bakin magana, in kin yi ƙorafi ace kina so ki ɓata abota, kuɗin adashinki kuma sun tafi. In maigida ya kafe, to a jona shi yini guda cur a gabanku da robar ruwa a ciki ku ga ta daskare, a duba takardar nan ta baya a ga harafin yanayi da irin gas, a duba bututun jikin kwamfuresa ko akwai sabuwar walda, sannan a rubuta a takarda cewa in ya tsaya cikin wata uku kuɗi za su dawo. Yawanci daga an zo kan rubutun nan cinikin ke watsewa da kansa, kinga ba ke kika ƙi ba.

Ni da ni ce ke, ba firji zan saya ba sam. Firiza zan saya, mai kama da akwati da ake buɗewa ta sama, lita 200 zuwa 300, sabuwa a kwali, ta ɗaya daga cikin sanannun nan, mai T, mara tarkace. Dalili, iska mai sanyi nauyi gare ta, in kin buɗe ƙofar firjin tsaye zubowa take ta ƙasa har ki ji ta a ƙafarki, ta akwati kuwa tana nan kwance a ciki ko kin ɗaga murfi. Hukumomin abinci na Amurka suna cewa firji a rufe yana riƙe abinci kamar awa 4 bayan ɗauke wuta, firiza cikakkiya kusan awa 48, mai rabin kaya awa 24. A zafinmu ki rage wani abu daga ciki, amma ko an rage kinga tazarar. Za ki ga wasu an manna musu takarda wai suna riƙe ƙanƙara awa kaza, ki sani a cike kuma a rufe ake gwadawa, ba a gidan da yara ke ɗaga murfi sau talatin ba, saboda haka ki zaɓi mai makulli, da 'yar kafar fitar da ruwa ta ƙasa. Kar ki bar ta da sarari, inda ba kaya ki cike da robobin ruwa ki ɗan rage musu baki, su ne batirinki. Da safe ki kwashe na sayarwa ki zuba a kula sau ɗaya, ki rufe ta sai yamma. Ba dai abin da zai yi miki maganin irin duhun da Arewa ta shiga a Oktoban 2024 da aka haura mako ba wuta, a irin wannan sai dai a rage yawan abin da ake haɗawa, musamman kunun aya da baya da haƙuri ko kaɗan.

Kayan miya da ragowar abinci fa? In tsohon ya tashi da sabon rile kuma aka gano hujin, ki bar wa gida shi. In bai tashi ba kwandon saman firiza zai ɗauki nama da markaɗe, danyen tumatir da ganye dai kar ki sa, daskarewa za su yi su lalace.

Yanzu kuɗi. Kar ki shiga shago da dubu 500 ɗin gaba ɗaya a ranki, ki fara cire kuɗin sitabilaiza, da na mai wayarin, da na ɗauko kaya, abin da ya rage shi ne kuɗin firiza, ko da hakan zai sa ki ɗauki ƙarama kan wadda kika so. Sitabilaiza mai 1000 zuwa 2000 VA ta isa firiza ɗaya, amma ki duba abu biyu. Na ɗaya daga nawa take iya ɗaga wuta, akwai mai farawa daga 140 akwai mai sauka har 100, lambar da mita ta nuna a gidanki ita za ta zaɓa miki. Na biyu ta zama mai jinkiri, wato in an dawo da wuta ta jira minti uku zuwa biyar kafin ta saki. Jinkirin nan ba ado bane, in kwamfuresa ta tsaya gas ɗin da ta matsa yana nan da ƙarfinsa a gabanta, sai ya ɗan lafa take iya tashi, in aka ɗauke aka dawo nan take tamkar ace ki tura mota a hawa ne da birki a ɗaure. Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ake sawa a soket mai yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi kaɗan, yana da kyau kuma ya fi araha, amma shi yankewa kawai yake baya ɗagawa, a unguwarku zai iya kwana a kashe. Soket ɗinta ita kaɗai a bango, waya mai kauri, ba siririyar wayar jone-jone da ake haɗa dutsen guga da cajar waya ba. Ƙaramin janareton nan kuma da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, kar ki ɗora masa, lokacin tashi kwamfuresa na jan ninkin abin da take ci tana tafiya, sai ya shaƙe, ke ki yi asarar biyu.

Ranar saye ki je da ƙafarki, ban da cinikin biri a sama. A buɗe kwali a gabanki, lambar da ke jikin kwali ta yi daidai da ta jikin firiza, a rubuta ta a rasit, a buga hatimi a katin garanti. Ki tambaya garantin nan me da me ya ƙunsa, don shekara goman da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin masu inbata ta kwamfuresa ce kaɗai, sau da yawa ban da kuɗin aiki da gas, kuma ɓarnar wuta yawanci bata ciki, wani dalilin kenan na sitabilaiza. Ki ɗauki hoton rasit ɗin a waya, tawadarsu gogewa take. In aka yi miki wasa da hankali akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, amma ba rasit ba magana. A ɗauko ta a zaune yadda take, kar ɗan kurkura ya kifa ta ko ya kwantar, in ta iso ki bar ta ta huta awa huɗu ko fi kafin a jona, in an kwantar da ita a hanya to sai gobe, man da ya gangara cikin bututu ya koma mazauninsa.

Wurin ajiya nesa da murhu, nesa da rana, a bar tazara da bango kamar tafin hannu. Da yawa daga cikin na yanzu ta jikin bangonsu suke fitar da zafi, shi ya sa za ki ji gefe da ɗumi, ba lalacewa bane, kuma dan Allah ban da lulluɓe ta da leshi ko zani don kwalliya, shaƙe ta kike. Zoɓo ya huce sarai kafin ya shiga. Sannan wuƙa. Ni da kaina na taɓa kashe firji da wuƙa ana gobe Sallah, ƙanƙara ta riƙe min ledar nama nace bari in ɗan ɓanɓaro, sai ji na yi fiiii, wani farin hayaƙi ya fito, shikenan, ranar naman gidan maƙwabta ya kwana ni kuma na kwana da kunya. In ƙanƙara ta yi kauri ki kashe, ki sa kwanon ruwan ɗumi a ciki ki rufe, da kanta za ta saki.

Saura ƙanin maigida. Ban ce ha'intarki ya yi ba, da yawa haka aka koya musu, ɗura gas a karɓi kuɗi, basu da injin zuƙe iska daga bututu, basu da sikeli, alhali R600a da giram ake auna shi, 'yan gomomi ne kacal kuma an rubuta adadin a takardar baya, ga shi yana kama wuta in aka yi sakaci da walda. Ba sai kin tayar da maganar dubu 90 ba, ta wuce, tono ta ba zai dawo da ko sisi ba sai dai ya kai ki gaban surukai. Sabuwar firizar ita za ta yi miki magana, don ƙa'ida ce duk wanda ba ma'aikacin kamfani ba in ya buɗe ta garanti ya tashi. Ki nuna wa maigida wurin a jikin katin tun ranar farko, kice Abban biyu ka ga abin da suka rubuta, ka gaya wa ƙaninka kar ya ga kamar raini ne, su suka hana. Daga bakin yayansa zai fi jin ta da sauƙi. In kina so ki wanke zuciyarsa gaba ɗaya ki ba shi tsohon ya cire abin da zai cira, ko ki sa shi ya raka ki zaɓen sitabilaiza.

Mai mitar dai shi ne farko, kafin ranar kwasar adashi. A auna da safe, a auna bayan magariba, ki turo min lambobin biyu in gaya miki irin sitabilaizar da za ta ɗauki gidan.